Kunkuru Mai Jan Kunne: Baƙon Da Ba Ya Komawa Gida

Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne. Ya kwana, ya yi sammako, kafin hantsi ba ka ganin ko sawunsa. Amma akwai wani baƙo da wannan magana ba ta kama shi ba. Wani ɗan kunkurun ruwa ne wanda mutanen Amurka suka yi ta kiwo suna sayar wa duniya domin yara su yi wasa da shi. Yau ya zauna daram cikin tafkuna da koguna na kowace nahiya, in banda Antaktika mai tsananin sanyi. Duk inda ya sami ruwa mai ɗumi sai ya hayayyafa, ya matse 'yan gida. Gwamnatoci suna ta kashe kuɗi don su fitar da shi, amma a wurare da yawa abin ya gagara.

Watakila mai karatu a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa zai ce, ina ruwan biri da gada? Ruwanmu kuwa yana ciki. Muna da fadamu da tafkuna da madatsun ruwa, muna da zafin rana irin wanda wannan dabba take so, muna kuma da yara masu sha'awar duk wani abin ban mamaki da suka gani. A ƙasashen da abin ya faru, ba jirgin yaƙi ya kai shi ba. Daga cikin gida ya fita, daga hannun iyaye masu ƙaunar 'ya'yansu. Saboda haka labarin na kowane gida ne.

Kamanninsa da asalinsa

Asalin wannan kunkuru kwarin kogin Misisipi ne a Amurka, tun daga jihar Ilinoi har zuwa bakin teku a kudu, da kuma wani yanki na arewa maso gabashin Meziko. Masana suna kiransa Trachemys scripta elegans. Mu kuwa bari mu kira shi mai jan kunne, gama yana da wani jan ratsi a kowane gefen kansa, daidai bayan ido, inda kunne yake. Wuyansa da ƙafafunsa suna da zane-zane rawaya da kore, kamar an ja su da alƙalami.

Sa'ad da aka ƙyanƙyashe shi, bai fi tsohon kwabo mai huda girma ba, watau kamar santimita 3. Ƙoƙon bayansa kore shar, ga shi da kuzari, ga ban sha'awa. Wanda ya gan shi a lokacin nan ba zai yarda cewa zai yi girma ba. Amma macen takan kai santimita 30, kusan faɗin faifai ke nan, namijin kuwa bai kai haka ba. Yakan yi shekara 20 zuwa 30 a duniya, wanda ake kula da shi sosai a gida ma yakan kai 40.

Yana ƙarami nama ya fi so: ƙwari, 'ya'yan kwaɗi, katantanwa, da ƙananan kifaye. In ya girma sai ya fi karkata ga ganyaye da tsire-tsiren ruwa, amma ba ya ƙin nama, ko mushe ne. Ba ya zaɓen abinci, ba ya ƙyamar ruwa mai dauɗa. Abin da yake bukata kawai shi ne ruwa mai kwanciya wanda ba ya ƙafewa, da laka a ƙasa, da wani gungume ko dutse inda zai hau ya sha hantsi. Da ya ji motsi sai ya sulale cikin ruwa.

Yadda ya bar gida

Tun kafin shekarun 1960 akwai gonakin kiwon wannan kunkuru a kudancin Amurka, musamman a jihar Luwiziyana. Ana tara ƙwai, a ƙyanƙyashe, a kai 'ya'yan kantuna a sayar da araha tare da 'yar roba ta zuba ruwa. Miliyoyin gidaje suka saya wa yaransu.

Sai likitoci suka lura yara da yawa suna kamuwa da zawo da zazzaɓi. Da aka bi sawu, aka tarar cewa kunkurun yana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira salmonela. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta cewa mutum kusan 280,000 ne suke kamuwa da ita kowace shekara a Amurka ta wurin waɗannan 'yan dabbobi, yawancinsu kuwa ƙananan yara ne. Saboda haka a 1975 gwamnatin Amurka ta hana sayar da duk kunkurun da tsawon ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, watau santimita 10, gama ƙaramin ne yaro yake iya sawa a baki.

Amma dokar ta tsaya a cikin gida ne kawai, ba ta hana fitar da shi waje ba. Masu gonakin suka juya ga kasuwannin Turai da Asiya. A ƙarshen shekarun 1980 kuma aka fito da wani wasan zane a talabijin mai suna Teenage Mutant Ninja Turtles, na wasu jarumawan kunkuru guda huɗu. Yara a ƙasashe da yawa suka dage sai an saya musu nasu. Daga 1989 zuwa 1997 kaɗai, Amurka ta fitar da fiye da miliyan 52 zuwa ƙasashen waje.

Daga roba zuwa tafki

Abin da ya biyo baya iri ɗaya ne a ko'ina. Shekara biyu ko uku, ɗan abin nan ya fi ƙarfin robarsa. Koren nan mai kyau ya dushe. Ruwansa yana wari in ba a sake shi kullum ba. In an taɓa shi yakan yi cizo. Yaron da ya yi kuka aka saya masa ya girma, hankalinsa ya koma kan ƙwallo ko keke, aikin ya faɗa kan uwa. Ba wanda yake so ya kashe shi, gama an saba da shi. Sai wata rana maigida ya sa shi cikin bokiti, ya kai shi tafki mafi kusa, ya sake shi, ya komo gida yana jin ya yi aikin kirki.

In gida ɗaya ne ya yi haka, da da sauƙi. Amma dubban gidaje ne, kowa kuwa yana tsammani shi kaɗai ne. A wasu ƙasashen Asiya kuma akwai al'adar sayen tsuntsu ko kifi ko kunkuru a sake shi domin neman lada, musamman a ranakun bukukuwan mabiya addinin Buddha. Tun da yake mai jan kunne shi ne mafi araha a kasuwa, shi aka fi saye. A Singafo ya zama shi ne kunkurun da aka fi gani a tafkunan shaƙatawa da madatsun ruwan sha, har hukuma takan aika ma'aikata da 'yan sa kai bakin ruwa suna roƙon jama'a kada su saki kome. A Bankok ta ƙasar Tailan, tafkunan gidajen ibada da na lambuna cike suke da shi.

A Indiya, masu bincike suka ba da labarin samunsa a fadamar Deepor Beel kusa da birnin Guwahati a jihar Assam, yankin da ya fi ko'ina a ƙasar yawan irin kunkuru na gida. A shekarar 2021 kuma aka tsince shi a wasu ruwayen jihar Kerala a kudu. A nahiyarmu ma an same shi a sake a Afirka ta Kudu, wajen Firitoriya da Durban, dokar ƙasar kuwa ta sa shi cikin jerin baƙin dabbobi masu ɓarna.

Me ya sa ƙasa mai zafi ta fi karɓarsa?

A Ingila ma an saki da yawa, ana kuwa ganinsu suna shan hantsi a tafkunan London. Amma can ƙasa ba ta yin ɗumin da zai ishi ƙwai ya ƙyanƙyashe yadda ya kamata, saboda haka waɗanda aka saki sukan tsufa su mutu ba magaji. A kudancin Turai, kamar Sifen da Italiya da kudancin Faransa, inda akwai zafi, an tabbatar yana haihuwa a daji. To, balle ƙasashen da ba su san hunturun Turai ba.

Dalilin yana cikin ƙwan. Macen takan fito tudu ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai kamar 10, wani lokaci har fiye da 20, ta rufe, ta tafi abinta. Ba ta kwanci. Zafin ƙasa ne yake yin aikin, cikin wata biyu zuwa uku. A shekara ɗaya tana iya yin haka sau uku ko fiye. Wani abin mamaki kuma, zafin ne yake raba maza da mata. In ramin yana da sanyi-sanyi, wajen digiri 26, sai a sami maza. In ya kai wajen digiri 31, sai mata. Ƙasa mai zafi ke nan takan ba da mata da yawa, namiji ɗaya kuwa ya ishi mata masu yawa.

Har wa yau, macen tana iya ajiye irin namiji a cikinta na dogon lokaci. Watau mace guda da aka saki ita kaɗai tana iya zuba ƙwai masu rai, ko da babu namiji a tafkin. A arewacin ƙasarsa ta asali yakan kwanta a ƙarƙashin ruwa watanni ba ci ba girma saboda sanyi. A ƙasa mai zafi babu wannan hutu: ci da girma duk shekara.

Ɓarnar da yake yi

Kunkuru ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa kamar akuya ko kaza. Sai ya sha rana kafin abincinsa ya narke, kafin kuma ƙwai ya nuna a cikin macen. Don haka gungumen shan hantsi a wurinsa kamar murhu ne a wurin uwargida. Mai jan kunne ya fi yawancin 'yan gida zafin nama, yakan riga su hawa, ya hana su wuri. Wasu masana biyu a Faransa, Antoine Cadi da Pierre Joly, sun gwada wannan. Sun haɗa kunkurun ruwa na Turai da baƙon a tafkunan gwaji, suka buga sakamakon a 2003 da 2004. 'Yan gida suka koma wuraren da ba su da kyau, suka rame, waɗanda suka mutu a cikinsu kuwa suka fi na tafkin da babu baƙo yawa.

Ban da wannan, yana cin 'ya'yan kwaɗi da ƙananan kifaye, yana kuma iya kawo cututtuka da tsutsotsin da 'yan gida ba su saba da su ba. Manoma ma ba su tsira ba. A Japan ana noman wani tsiron ruwa mai kama da bado domin a ci saiwarsa. A yankin Tokushima kunkurun ya riƙa cinye sababbin tohon, manoma suka yi hasara, har suka shiga kafa tarkuna a gonakinsu. A 2016 ma'aikatar kula da muhalli ta Japan ta ƙiyasta cewa akwai kimanin miliyan 8 a sake a ruwayen ƙasar.

A Hanoi, babban birnin Biyetnam, akwai tafki mai suna Hoan Kiem a tsakiyar gari. A cikinsa akwai wani tsohon ƙaton kunkuru mai taushin baya wanda mutanen ƙasar suke girmamawa ƙwarai, irinsa kuwa guda huɗu kaɗai aka sani a duk duniya a lokacin. Masu neman lada suka yi ta sakin mai jan kunne a tafkin har ya yi yawa, ya zama a 2011 sai da hukuma ta kafa tarkuna tana kwashe shi don tsoron abin da zai sami tsohon. Tsohon ya mutu a Janairun 2016.

Fitar da shi kuwa aiki ne ja. A 2004 aka gano yana haihuwa a wasu tafkunan gona a arewacin birnin Brisbane na Ostireliya. Sai da aka janye ruwan tafkuna, aka kewaye su da shinge, aka koya wa kare bin warinsa da na ƙwansa, aka yi shekaru ana fama. Su ma sun ci nasara gwargwado ne domin sun farga da wuri. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997, sai 'yan kasuwa suka koma kawo ɗan'uwansa mai rawayan ciki, har a 2016 aka haɗa su duka aka hana. A shekarar 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya. Japan kuwa tun daga 1 ga Yuni, 2023, ta hana sayar da shi da shigo da shi da sakinsa, wanda ya saki yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara uku. Amma ba ta hana wanda yake da shi a gida ci gaba da riƙonsa ba, gama sun san in aka hana, dare ɗaya mutane za su kwashe su zuba a kogi.

Mu ma mun taɓa ganin irin wannan

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Akwai wata irin kainuwa mai fure launin shunayya wadda asalinta kogin Amazon ne a Amurka ta Kudu. Saboda kyan furenta mutane suka riƙa ɗaukarta daga ƙasa zuwa ƙasa suna ƙawata tafkunan gidajensu. A 1984 ta shigo ruwayen Badagiri da Legas daga wajen Jamhuriyar Benin. Ba a daɗe ba ta bayyana a kogin Kwara, wajen Yamai da Yawuri da tafkin Kainji. Cikin mako biyu takan ninka kanta. Ta rufe fuskar ruwa, ta tare hanyar jirage, ta nannaɗe taru da koma, masunta suka sha wuya. Wanda ya fara jefa ta a ruwa ba mugu ba ne, mai son fure ne.

Kayanmu ma sun yi wa wasu haka. Giwan ruwa a kogin Kwara da tafkin Chadi ɗan gida ne, sarkin kifaye, ba wanda yake kuka da shi. A shekarun 1950 da farkon 1960 aka zuba shi a tafkin Biktoriya a gabashin Afirka domin a ƙara yawan kamu. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, ƙananan kifaye kimanin iri 200 waɗanda ba a samunsu ko'ina sai can suka ɓace. Tarwaɗar nan tamu da muke kiwo a bayan gida, a Indiya gwamnati ta hana kiwonta saboda yadda take cinye kifayen ƙasar.

Darasin a fili yake. A garinsu kowace dabba tana da masu taka mata birki. A Misisipi akwai kada da manyan kifaye da tsuntsaye da wasu namun daji masu tone ƙwan mai jan kunne, akwai kuma 'yan'uwansa da suka san halinsa tun fil'azal. Dabbar ba ta da laifi. Hannun da ya ɗauke ta daga inda aka san maganinta ya kai ta inda ba a sani ba, shi ne da alhaki.

Kififiyarmu ta gida

Kudancin jihar Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama. Daga watan Mayu zuwa Oktoba kududdufai da fadamu sukan cika, a lokacin ne kuma yara sukan tsinci kififiya tana ƙetare hanya bayan an ɗauke ruwa. Ita ce kunkurun ruwanmu na gida. Ba ta da ado: launin ƙasa ko toka-toka, ƙoƙonta a ɗan baje, tsawonta kamar tafin hannun babban mutum ko ɗan fiye. In ka ɗauke ta takan saki wani ruwa mai wari don ka ajiye ta.

Amma tana da hikimar da baƙon ba shi da ita. In rani ya yi, kududdufi ya ƙafe, sai ta tone laka ta binne kanta, kamar yadda gaiwa take yi, ta jira damina. Tana cin tsutsotsin ruwa da katantanwa da mushe, watau tana cikin masu share tafki. A manyan koguna kuma akwai wasu irin masu taushin baya kamar fata, waɗanda masunta suka sani, kuma yawansu yana raguwa a Afirka ta Yamma saboda kamu.

A kududdufin da yake ƙafewa kowace shekara, kififiya ce mai gida. Sai dai ƙasarmu ta sake. Yanzu akwai ruwayen da ba su ƙafewa: madatsar Mairuwa wadda take ba Funtuwa ruwan sha, da ta Zoɓe wajen Dutsin-ma, da ƙananan madatsun da aka yi domin shanu da noman rani, da tafkunan kiwon kifi na gidaje. Irin ruwan da mai jan kunne yake nema ke nan, kwantacce, mai ɗumi, mai laka.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu tuna. Yankin nan namu kan tudu yake, inda ruwa yake farawa. Gulbin Sakkwato a kusa da Funtuwa ya samo asali. Daga nan ya bi ta Gusau, ya shiga madatsar Bakolori wajen Talatar Mafara, ya haɗu da gulbin Rima a Sakkwato, ya wuce ta Argungu inda ake bikin kamun kifi, sa'an nan ya faɗa Kwara. Abin da aka zuba a kan ruwa ba ya tsayawa a nan. Ambaliya ɗaya ta isa ta kai shi wurin mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Yadda za a bambanta su

Alama ta farko ita ce wuya. Kififiya ba ta iya jan kanta kai tsaye cikin ƙoƙo, sai ta lanƙwasa wuyan gefe guda ta ɓoye shi ƙarƙashin bakin ƙoƙon. Mai jan kunne kuwa kai tsaye yake janye kansa ciki, kamar kunkurun tudu.

Ta biyu ita ce ado. Kififiya ba ta da zane a wuya da ƙafafu. Baƙon yana da zane-zane rawaya, da jan ratsin nan a bayan ido, cikinsa kuma rawaya ne da ɗigo-ɗigo baƙi. A lura fa, in namijin ya tsufa yakan yi duhu har jan ya ɓace. A nan sai a duba faratan ƙafafunsa na gaba, dogaye ne ƙwarai.

Ta uku, kada a rikita shi da mai taushin baya na manyan koguna. Shi ma kai tsaye yake janye wuya, amma bayansa fata ne, hancinsa kuma da ɗan tsini. Na baƙon ƙoƙo ne mai tauri.

Maganar lafiyar yara

Ƙwayar salmonela dangin wadda take kawo zazzaɓin taifod ce. Tana zama cikin hanjin kunkuru ba tare da ta sa shi ciwo ba, ta fito cikin kashinsa, ta bazu a ruwan da yake ciki da jikinsa. Ba a ganewa da ido. Yaro ya taɓa, ya kai hannu baki, bayan kwana ɗaya zuwa uku sai zawo da zazzaɓi da murɗar ciki. Babba mai ƙarfi yakan warke cikin mako guda. Jariri da tsoho da wanda wata cuta ta riga ta raunana, su ne abin yakan kai ga asibiti, wani lokaci har ga rasa rai.

Wannan gargaɗi bai tsaya kan baƙon kaɗai ba. Kififiyar da yaro ya tsinto a fadama, da kunkurun tudu da ake ajiyewa a wasu gidaje, duk suna iya ɗaukar ƙwayar. Duk wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu. Kada a bar yaron da bai kai shekara biyar ba ya yi wasa da su. Kada a wanke mazubinsu a inda ake wanke kwanuka, kada kuma a sa su cikin randa ko rijiya. In yaro ya kamu da zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai kunkuru a gidan.

Abin da kowane gida zai iya yi

A zamanin nan kaya ba ya wuyar tafiya. Abin da yaro ya gani a waya yau, gobe yana iya zuwa cikin kwali a bayan mota, ko cikin jakar ɗan'uwa da ya komo daga birni ko ƙasar waje. A ƙasashen duniya, wurin masu sayar da kifin ado na cikin gilashi ne aka fi samun wannan ɗan kunkuru. Saboda haka ga shawara.

Da fari, in an tallata maka ɗan koren kunkuru mai ja a gefen kai, kada ka saya, kada kuma ka karɓa kyauta. Ka tambayi kanka ko kana shirye ka ciyar da shi shekara 30, har bayan yaron da ya roƙa ya yi aure ya bar gida.

Na biyu, in har yana hannunka, kada ka sake shi a tafki ko rafi ko kwata, kome gajiyar da ka yi. Ka ajiye shi inda ba zai iya hawa ya fita ba, gama gwanin hawa ne, da damina kuma yakan yi tafiya mai nisa a tudu. In macen ta zuba ƙwai, a fasa su. In riƙon ya gagara, a nemi shawarar likitan dabbobi ko ma'aikatan gandun daji, ko a tuntuɓi gidan namun daji irin na Audu Baƙo da ke Kano.

Na uku, masunta da masu noman rani su ne idon jama'a a bakin ruwa. Wanda ya kama kunkurun da bai taɓa ganin irinsa ba, kada ya mayar da shi. Ya ɗauki hotonsa da waya, ya nuna wa Sarkin Ruwa da malamin gona na ƙaramar hukuma, su kuma su kai labari gaba. Akwai masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa waɗanda aikinsu ke nan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu, wannan doka ta shafi kowane baƙon abu mai rai. Kifin ado, katantanwar gilashi, tsiron ruwa mai kyan fure, kada a zubar da ko ɗaya a ruwan gari. Tsiron da ba a so a shanya shi a rana ya bushe, a ƙone.

Na biyar, a koya wa yara sanin na gida. In sun tsinto kififiya, a nuna musu yadda take lanƙwasa wuya, a gaya musu inda take kwana da rani da aikin da take yi a tafki. Sa'an nan a sa su mayar da ita daidai inda suka ɗauko ta, su wanke hannu. Yaron da ya san darajar abin da ke fadamar garinsu ba zai yi saurin kwaɗayin na kwali ba.

Mutanen Japan da Singafo da Sifen ba su fi mu rashin hankali ba. Tausayi ne ya kai su, da rashin sanin abin da zai biyo baya. Mu kuwa ga shi mun ji tun da sauran lokaci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.